Gani Bai Kori Ji Ba: Tsokaci A Kan Tsofaffin Hotunan Jagororin Badujala Da 'Yan Mata Masu Juya Sanda

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Babu mai ja da wannan karin magana a kasuwa ko a gaban alƙali, amma akwai wurin da take gazawa, wato wurin tsohon hoto. Duk wanda ya taɓa riƙe hoton da ya shekara hamsin ko sittin, babu suna babu kwanan wata a bayansa, ya san idonsa ya gani, amma kansa bai ɗauki komai ba sai an samu mai ba shi labari.

Akwai wani nau'in tsofaffin hotuna da ƙasar Amurka ta tara da yawa, musamman daga shekarun 1930 zuwa na 1960. A wasu, za ka ga dogon saurayi cikin kayan sarki, da hula mai tsawo da gashin tsuntsu a samanta, yana riƙe da doguwar sanda mai dunƙulallen kai, makaɗa da mabusa sun jeru a bayansa. A wasu kuma budurwa ce da farin takalmi mai dogon wuya, ta ɗaga gwiwa ɗaya, tana murmushi, da 'yar gajeriyar sandar ƙarfe a hannu. A yau irin waɗannan hotuna suna yawo a kasuwannin gwanjo da shafukan intanet, ana saye ana maƙalawa a bango don ado kawai.

Ra'ayina shi ne, mayar da su kayan ado asara ce. Waɗannan hotuna shaidu ne na tarihin mata da maza, da na farar fata da baƙar fata, da na soja da farar hula. Sai dai shaidu ne kurame, ba sa magana sai an haɗa su da kalma. Samar da wannan kalma kuwa aikinmu ne, mu ɗaliban harshe.

Da Me Za Mu Kira Su?

Tun a wurin suna ake fara cin karo da matsala. Namijin da ke gaba Turawa na ce masa diram-manjo, wato manjon ganguna, macen kuma majaret. Wanda ya ga budurwa da sanda a hannu zai so ya ce da ita da ƙawayenta 'yan sanda, amma ina! Tuni Hausa ta ba wasu wannan suna, kuma ba za su sake shi ba. Saboda haka a wannan rubutu zan kira namijin jagoran badujala, matan kuma masu juya sanda. Kalmar badujala dai sananniya ce ga duk wanda ya taɓa kallon faretin soja ko na 'yan sanda: ita ce tawagar makaɗa da mabusa masu tafiya a sahu.

Ita kanta doguwar sandar jagora, kalmar da Turanci ke kiranta da ita, ita ce dai yake kiran sandar majalisa, wadda idan ba ta kan tebur zaman majalisa bai halatta ba. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin shi ma ya san sandar girma da ake miƙa wa sabon sarki. Ke nan tun daga suna an nuna mana cewa abin da ke hannun saurayin nan alamar iko ce, kafin ta zama abin wasa.

Sandar Da Ke Ba Da Umarni

Asalin muƙamin jagoran badujala daga rundunonin sojan Turai yake, kuma a Ingila an san shi tun ƙarni na 17. A wancan zamani ganga da begila su ne rediyon soja. Da su ake sanar da tashi daga barci, da taruwa, da kai hari, da ja da baya. Dole a samu wanda zai horar da makaɗan, ya kuma tabbatar ba su yi kuskure ba, tun da kuskuren makaɗi a fagen fama yana iya jawo asarar rayuka. To, da yake idan ganguna suka ɗauka babu muryar da za a ji, sai sanda ta maye gurbin baki. Yadda ya ɗaga ta, da yadda ya karkata ta, da yadda ya sauke ta, kowanne da ma'anarsa: a fara, a tsaya, a juya dama, a yanke kiɗa. Ɗalibin da ya yi darasin sadarwa ba tare da furuci ba zai gane cewa wannan ma harshe ne, mai ƙa'idojinsa.

Akwai kuma abin da kyawun kayan sarki ke ɓoyewa. A rundunar Ingila ta da, makaɗan ganga ne ke yi wa sojan da ya yi laifi bulala, jagoransu yana tsaye yana lura da yadda ake zuba ta. Sai a 1881 aka soke wannan hukunci. Babu mai ɗaukar hoto da zai nuna maka wannan ɓangare na aikin. Abin da ya iso mana shi ne hula da gashin tsuntsu.

Daga bariki wannan al'ada ta shiga makarantu da jami'o'in Amurka, inda badujala ta zama abokiyar tafiyar wasan ƙwallonsu. A nan ne jagora ya fara ƙara gishiri: ya yi taƙama, ya lanƙwasa baya har hularsa ta kusa taɓa ƙasa, ya cilla sanda sama ya cafe.

Yadda Sanda Ta Koma Hannun Mata

Wanda ya jera waɗannan hotuna bisa shekarunsu zai ga wani sauyi ƙarara. A na farko-farkon ƙarni na 20 maza ne zalla. Daga ƙarshen shekarun 1930 sai 'yan mata suka fara bayyana a gaban sahu, sandar kuma ta gajarce, ta yi sauƙi, ta zama ta ƙarfe da roba a bakinta biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, don ta yi daɗin juyawa tsakanin yatsu. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1941, samari suka tafi fagen daga, mata suka ƙara samun wuri. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Sai dai a lura da wani abu. Sandar jagora tana ba da umarni, makaɗa suna bi. Sandar budurwar nan babu wanda take ba umarni, ta kallo ce. An ba mata gaban sahu, amma an riƙe ikon. A manyan jami'o'i da dama ma, mace ba ta da damar shiga cikin makaɗan. Badujalar Jami'ar Mishigan ba ta karɓi mata ba sai a 1972, shekarar da aka yi dokar hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Ta Jami'ar Jihar Ohayo ta karɓe su a 1973, kuma sai a 1981 mace ta fara riƙe sandar jagoranci a can, wato Shelley Graf. Murmushin da ke cikin hoto bai faɗa mana wannan ba. Kwanan wata ne ya faɗa.

Kada kuma a ɗauka aikin nasu na banza ne. Cilla sandar ƙarfe sama, ka juya sau biyu ko uku, ka cafe ta ta bayanka ba tare da ka karya sahu ba, abu ne na horon shekaru. Wasu ma sanda mai wuta a bakinta biyu suke juyawa da dare. Wannan ƙwarewa ce ta sa abin ya zama gasa mai zaman kanta. An kafa ƙungiyar duniya ta masu juya sanda a 1977, aka yi gasar duniya ta farko a birnin Siyatil a 1980, kuma ƙasar Japan ta yi fice a cikinta. A nan ma hoto ya gaza. Yawancinsu a tsaye aka ɗauke su, an gyara tsayuwa don kundin hotunan makaranta na ƙarshen shekara. Motsin da shi ne dukan gwanintar, babu shi. Kiɗan ma babu.

Waɗanda Aka Bari A Wajen Hoto

Ya kai mai karatu, idan ka duba irin hotunan da manyan mujallu da katunan gaisuwa na wancan lokaci suka yaɗa, kusan duk fuskokin farare ne. Mai gaggawa zai ce ashe baƙaƙen Amurka ba su shiga wannan harka ba. Alhali kuwa sun shiga, har sun sauya mata kama. Abin da ya faru shi ne, a jihohin Kudu doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan a 1954, kuma ko bayan hukuncin an ɗauki shekaru ana jan ƙafa. Baƙaƙe suna da kwalejojinsu da badujalarsu, amma idon manyan 'yan jarida bai cika kaiwa can ba.

A Jami'ar Florida A&M, William P. Foster ya karɓi ragamar badujala a 1946, ya shigo da taku mai sauri da ɗaga gwiwa sama da rawa a tsakiyar fili. Sunanta ya kai har Faransa ta gayyace ta faretin cikar juyin juya halinta shekara 200 a birnin Paris a 1989. A Jami'ar Alcorn da ke Misisifi, a 1968 aka fito da tawagar 'yan mata masu rawa a gaban badujala. A Jami'ar Jackson kuma, a farkon shekarun 1970, Shirley Middleton, wadda ita ma tsohuwar mai juya sanda ce, ta nemi a bar 'yan matan su ajiye sanda su yi rawa da jikinsu, aka kuwa yarda. Daga wannan reshe ne salon da mawaƙiya Beyoncé ta nuna wa duniya a bikin Coachella na 2018 ya fito. Wanda ya dogara ga tarin hotunan gwanjo kaɗai ba zai san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. A watan Nuwamba na 2011, Robert Champion, ɗaya daga cikin jagororin badujalar Florida A&M ɗin nan, ya rasu a birnin Olando bayan dukan da abokan tawagarsa suka yi masa cikin mota, da sunan al'adar gwajin jarunta. An gurfanar da mutane gaban kotu, aka ɗaure wasu, aka kuma dakatar da badujalar har zuwa 2013. Hotunansa cikin kayan sarki suna da kyau kamar na kowane jagora. Bulalar da aka soke a 1881, ashe ta samu wata ƙofar dawowa.

Hoto Ɗaya Da Kalma Ɗaya

Wataƙila babu hoton jagoran badujala da ya yi suna kamar wanda Alfred Eisenstaedt ya ɗauka wa mujallar Life a 1950, a Jami'ar Mishigan. Jagoran yana atisaye shi kaɗai a fili, ya harba ƙafa sama, ya gantsare, sai ga yara ƙanana sun jeru a bayansa suna kwaikwayonsa cikin dariya. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin hoton farin ciki tsantsa, kuma suna da gaskiya. Amma da zarar ka san wuri da shekara, sai wata tambaya ta taso: duk yarinyar da ta ga wannan jagora ta yi sha'awar shiga tawagarsa, sai ta jira shekara 22 kafin a buɗe mata ƙofa. Sanin haka bai rage wa hoton kyau ba. Ya ƙara masa nauyi.

Wani misalin ya fi kusa da fagenmu na harshe. Ranar 4 ga Fabrairu, 1968, Martin Luther King ya yi huɗuba a cocin Ebenezer da ke Atlanta, inda ya ɗauki jagoran badujala a matsayin misalin son shiga gaba da ke zuciyar kowane ɗan Adam. Ya ce wannan sha'awa tana halaka mutum idan ya bar ta, amma tana da amfani idan aka juya ta zuwa yi wa jama'a hidima. Ya ƙara da cewa idan har mutane sun nace sai sun kira shi jagora bayan ransa, to su ce ya yi jagorancin ne don adalci da zaman lafiya. Bayan wata biyu cif aka harbe shi. Da aka buɗe dandalin tunawa da shi a Washington a 2011, sai masu aikin suka taƙaita maganar don ta shiga jikin dutse, suka yar da sharaɗin nan na "idan". Marubuciya Maya Angelou ta yi ƙorafi cewa an mayar da shi mai yabon kansa. A 2013 aka kankare rubutun gaba ɗaya.

A duba fa, da aka yar da kalmar "idan", mai tawali'u ya koma mai girman kai. Abin da yanke jimla ke yi wa magana, shi ne raba hoto da bayaninsa ke yi wa tarihi.

Masu Ja Za Su Ce

Na san akwai waɗanda za su ce ina ruwan ɗalibin Hausa da 'yan matan Amurka masu gajeren siket, abin da ya yi hannun riga da tarbiyyarmu? Amsata ita ce, nazarin abu daban, kwaikwayonsa daban. Muna karanta waƙoƙin 'yan bori da kirarin 'yan tauri a aji, ba don mu hau bori ko mu sha tauri ba. Hasali ma tambayar da ta sa siket ɗin ya gajarce alhali kayan namiji sun rufe shi daga wuya har idon sawu, tambaya ce da Amurkawa da kansu suka daɗe suna yi, kuma hotunan ne hujjarsu.

Wasu kuma za su ce kyan hoto ya isa, ba sai an san suna ba. To a gwada biyu. Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro muƙamin tauraruwar masu juya sanda a 1954, kuma an san wadda ta fara riƙe shi, Juanita Carpenter. Saboda an rubuta, ana iya bin sawun waɗanda suka gaje ta ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa takwararta ta wani ƙaramin gari, wadda hotonta ya faɗa kwandon gwanjo ba suna, ta zama "wata yarinya". Ta yi horo iri ɗaya, ta sha rana iri ɗaya, amma ko jikokinta ba za su gane ta ba. Na gaba ya yi gaba, na baya ko labari babu.

Abin ma bai tsaya a Amurka ba. Ƙananan garuruwan Faransa sun rungume shi a shekarun 1960. A Afirka ta Kudu ya zama wasan 'yan mata na makaranta, kuma har yau ana yin sa. Mai ɗaukar hoto Alice Mann ta bi irin waɗannan yara, da yawansu daga unguwannin talakawa, ta zauna da su, ta rubuta makarantunsu da garuruwansu, aikin da ya ba ta babbar kyautar hoto ta Taylor Wessing a Landan a 2018. Nan da shekara hamsin hotunanta za su tsufa, amma ba za su kurumce ba.

Namu Fa?

Ita wannan doguwar sanda ta iso mu ma, ta hanyar da ta isa Amurka, wato sojan Ingila. Tun daga dakarun da Glover ya kafa a Legas a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover, zuwa rundunar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugard kafawa a 1897, Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Shi ya sa muka gaji kalmomi irin su fareti da maci da begila da kofur da saje da samanja. Daga bariki badujala ta shiga rundunar 'yan sanda, da makarantu, da ƙungiyoyin matasa na coci da na Musulunci. Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a ƙasar nan ya san macin ranar 1 ga Oktoba da na ranar yara, 27 ga Mayu, ya kuma san yaron nan ko yarinyar nan da ake zaɓa su shiga gaba da sanda, kowa yana jin kishinsu.

An ɗauki hotunan waɗannan ranaku. Suna cikin akwatunan iyayenmu, da ofisoshin hedimastoci, da shagunan tsofaffin masu hoto da ke rufewa ɗaya bayan ɗaya tun da wayar hannu ta karɓe musu kasuwa. Damina tana cin wasu, gara tana cin wasu. Mafi muni, waɗanda suka san ko su wane ne a ciki suna ta tafiya. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Ibadan da Kaduna da Inugu an gina ta ne galibi a kan takardun hukuma. Hoton macin makarantar ƙauyenku ba zai kai kansa can ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai mai sauƙi ce, kuma ba ta bukatar kuɗi. In an tafi hutu, a nemi irin waɗannan hotuna a gida. A zauna da dattijon da ya san su, a tambaye shi: wace shekara ce, wane fili ne, wa ke riƙe da sandar, yaya aka zaɓe shi, wane take ake bugawa, da wane suna ake kiran mai sandar a garinku? A naɗi muryarsa da waya, da izininsa. A rubuta bayanin da fensir a bayan hoton, ban da biro, domin tawada tana ratsa takarda. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar ɗakinsa: kalmomin fareti da badujala a Hausa, da yadda suka bambanta daga Sabon Gari zuwa Sabo na Ibadan zuwa Agege.

Kammalawa

Amurka ta fi mu kyamarori da mujallu da kuɗin adana tarihi, amma duk da haka ɗimbin masu juya sandarta sun zama fuskoki marasa suna, tarihin baƙaƙenta kuma sai da aka koma aka tono shi daga baya. Idan haka ta faru da mai hali, mu da hotunanmu ba su kai nasu yawa ba bai kamata mu yi sakaci ba. Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Mai hoto ya riga ya yi nasa aikin tun shekaru aru-aru, ya ajiye mana gani. Jin ne ya rage, kuma yana bakin tsofaffin da ke raye a yau. A je a tambaye su tun suna nan.